Kwanon Barakatu

Badarawa,
Laraba, 8 ga Satumba, 2021

Zuwa ga angona Kamaluddeen, jikana na Kaura,

Sallama da gaisuwa mai yawa, duk da dai ba ka ci gaisuwar ba. Ya aiki, ya mutanen da kuke soka ma allura a asibiti? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Akuyata ja ta haifi biyu, na sa ma ɗaya sunanka, don shi ma bai da aiki sai hana ni sakat.

Tunda gwamnati ta kashe mana waya saboda mutanen daji, ga ni na koma biro da takarda. Kakanka, Allah ya jiƙan shi, ya sha yi mani dariya lokacin da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci da ubanka goye a baya. To ga ranar karatun ta zo. Maitama direba zai kawo maka wagga takarda. In ka ga maiƙo a gefenta, ƙosan shi ne, ba nawa ba.

Abin da ya sa na rubuto, tun ranar da ka maido ni gida daga wurin likitanku kaina ke juyawa. Ya ce ciwon suga ne ke sa ni yawan fitsari da ƙishirwa. Na ce to. Amma Kamalu, ni da suga ina muka gamu? Ko shayi ba ni sha. Sai kuma ya ce in rage tuwo, da fura, da kunu, da shinkafa, da rogo, da dankali. Na ce mashi, ɗan nan, ciwon suga ka ce ko ciwon tuwo? Shekara saba'in da ɗoriya ina cin tuwon dawa ban taɓa jin zaƙi cikin shi ba. Shekaranjiya har na gutsura na tauna a hankali kamar mai neman tsakuwa. Babu ko ɗigo. In akwai suga a ciki, to ɓarawo ya riga ni.

'Yar na'urar da ka bar mani ina soka yatsa da ita kowace safiya kafin in ci komi, yadda ka nuna. Ta ce sha shida, ta ce sha biyar, yau ta koma sha shida. Ban sani ba ko ci nake ko faɗuwa. A ajinmu dai mai lamba da yawa shi ake tafa ma.

Sai maganar da ka yi a bakin mota, wai in lambar ba ta sauka ba zuwa ƙarshen watan goma za ka kwashe ni zuwa Kaura. Ka cire wannan daga ranka. Ɗakin nan aka kawo ni amarya, nan na haifi ubanka, nan aka yi ma kakanka wanka. Ba ni zama gidan haya da tuzuru, inda ake bin layi a ƙofar ban-ɗaki.

Ka rubuto mani abin da ya rage a duniya wanda ba suga ba, in akwai.

Ni ce matarka da ka sa ma takunkumi,
Kaka Maimunatu

Kaura Namoda,
Litinin, 13 ga Satumba

Zuwa ga amaryata Kaka,

Amin, wa alaikumus salam. Na samu takardarki har da maiƙonta. Ina lafiya, aiki sai godiya. Ki gaishe mini da takwarana, ki ce masa ya ci gaba da aikin da na ba shi.

Bari in yi miki bayani yadda Sista Nkechi, babbarmu a ɗakin marasa lafiya, take yi wa tsofaffi. Kin san yadda ake jiƙa dawa ta tsira, a niƙa tsiron a zuba a kunu, ya yi zaƙi ba a sa masa suga ba? Zaƙin nan dama yana cikin hatsin, a ɓoye yake. Abin da tsiro ke yi a tukunya, shi cikinki ke yi wa tuwo. Jikin mai lafiya yana kwashe sugan ya yi aiki da shi. Naki ya gaji, sai sugan ya tsaya cikin jini, a hankali ya ci ido, ya ci ƙafa, ya ci ƙoda. Don haka a wannan ajin mai ƙaramar lamba ake tafa wa. Muna son ta safe ta dawo wajen shida ko bakwai.

Ga abin da za ki ci har ki ƙoshi: kwaɗon zogale da ƙuli, rama, yakuwa, alayyafo, kuɓewa, ƙwai, kifi, awara, gyaɗa, nama in an samu, nono ba fura ba suga. Wake kaɗan. Tuwo ki rage shi sosai. Ƙwayar maganin da likita ya ba ki ta safe kada ki fasa.

Maganar Kaura kuma ba barazana ba ce. Makon jiya aka yanke wa wani dattijo ƙafa saboda ciwon nan, ni na riƙe masa hannu. Ba zan zauna ina jira a kawo mini ke kwance a bayan mota ba. Na riga na share ɗakin ciki. In lambar ta sauka ki yi zamanki a ɗakinki, ni ma na huta da surutu.

Ki gaida maƙwabciyarki Iya Barakatu.

Mijinki mai haƙuri,
Kamaluddeen

Badarawa,
Laraba, 22 ga Satumba

Angona,

Gaisuwa da fatan kana cin tuwonka lafiya, tunda kai ba a hana ka ba. Jikina da sauƙi, sai dai hanjina kullum suna kiran sunanka, kuma ba addu'a suke maka ba.

Bayanin tsiro ya shiga kaina, na yarda da rabin shi. Kwana takwas ke nan ban ɗora tukunyar tuwo ba. Turmina har gizo-gizo ya kama haya a ciki. Amma na'urarka ta ce sha huɗu, sha biyar, sha huɗu. Na yi niyyar in ce ƙarya take, sai na tuna wani abu da ban faɗa maka ba.

Ka san ciyayyarmu da maƙwabciyata Barakatu. Shekara arba'in da ɗaya, kowace magariba kwanona ya tsallaka wurinta, nata ya tsallako wurina, ta wurin nan da katanga ta zube muka hana a gyara. Ko ranar da aka kai kakanka kwanon nan bai fasa zuwa ba. Ni ban sa shi cikin abin da likita ya hana ba. Ya ce in rage tuwona, na rage. Wanga kuwa ba tuwona ba ne, zumunci ne. Shi ma zumuncin yana zama suga a ciki? Ka tambayar mani Nkechi.

Ga inda abin ya rikice. Ranar farko na miƙa mata kwaɗon zogale da ƙwai biyu. Ta buɗe, ta duba, ta dube ni. Washegari kwanonta ya zo da malmala uku maimakon biyu. Kwana biyu bayan nan sai ga fura da safe, abin da ba ya cikin tsarinmu. Ina shara na ji tana ce ma surukarta Sa'ida, “Maimunatu hatsinta ya ƙare. Kin ƙara jin dakanta? Ganye take ci kamar akuya, kuma kin san ta da zurfin ciki, ko za ta mutu ba ta faɗi.” Ka ga kasuwanni a rufe, gonaki rabi ba a shiga ba, mi kake so ta zata? Yanzu in ta miƙo kwano ba ta tafiya. Sai ta dafa katanga ta ga na kai loma, tana tambaya ko gishiri ya ji.

Na san za ka ce in faɗa mata. In Barakatu ta ji da hantsi, kafin la'asar Badarawa duka ta ji. Sai a fara zuwa dubiya, kowa da kwanon kunu, sannan su taru a kaina su ce a kai tsohuwa Kaura wurin jikanta. Maida kwano da abinci a ciki kuwa, wannan sai tsakanin maƙiya.

Gwaggonka Asiya ma ta aiko daga Moriki da kwalbar zuma da garin alkama. Wai a ƙasar Zurmi kowa ya san zuma ba suga ba ce, magani ce, tuwon alkama kuma shi masu ciwon ke ci. Kai ka ce hatsi duka, ita ta ce ban da alkama. Na tura su ƙarƙashin gado sai kun daidaita.

Ka ba ni dabara, ba wa'azi ba.

Taka,
Kaka

Kaura Namoda,
Asabar, 25 ga Satumba

Kaka,

Ina gaisuwa, ina lafiya. Wannan takardar ki karanta ta sau biyu.

Sista Nkechi ta ce zumunci ba ya zama suga, amma malmala uku tana zama. Dabarar ɗaya ce, ki faɗa wa Iya Barakatu gaskiya. Ciwo ba abin kunya ba ne. Ki ce ta rinƙa zubo miya da yawa, tuwon kuwa kamar ƙwan kaza. Alkamar Gwaggo hatsi ce, tuwonta tuwo ne. Zumar kuma ki fito da ita daga ƙarƙashin gado ki ajiye kusa da hannu, ga dalili.

Na nuna wa likita lambobinki, ya ja kunnena a kan abin da ya kamata in faɗa tun a takardar farko. Ƙwayar da kike sha da safe aikinta jan suga ƙasa, ko kin ci abinci ko ba ki ci ba. In kika yanke tuwo gaba ɗaya kina shan ta, sugan zai iya faɗuwa fiye da kima, kuma wannan ya fi hawansa saurin kisa. Ki rage a hankali, kada ki yanke. In lambar ta kai biyar ki dakata da ƙwayar, ki aiko mini. In ta yi ƙasa da huɗu, ko kika ji gumi mai sanyi da rawar hannu da jiri, ki sha zuma cokali guda nan take, sannan ki ci abinci. Na san za ki ce na haukace. Ki faɗa, amma ki sha.

Maitama zai taso gobe da safe.

Naki,
Kamaluddeen

Badarawa,
Lahadi, 10 ga Oktoba

Zuwa ga mijin da ya yi yaji,

Ina gaishe ka, ko ba ka amsawa. Kwana sha takwas ke nan da na rubuta maka ban ga ko layi ɗaya ba. Maitama ma ya ɓace, wannan wani Murtala ne zai kawo. Na gane. Ka ji labarin malmala uku ka yi fushi, kana can kana auna labulen ɗakin da za ka kulle ni. To ka ajiye almakashi, amaryarka ta nemo dabara da kanta.

In Barakatu ta miƙo kwano sai in kai loma a gabanta, in ce gishiri ya ji. Lomar nan a kumatu nake ɓoye ta kamar biri. In ta juya in shiga ɗaki. Da rana in yanka tuwon in shanya bayan rumbu inda idonta ba ya kaiwa, in ya bushe in zuba a buhu. Zubar da hatsi a shekara irin wagga ba da ni ba. Furar safe kuwa takwaranka ke sha, ya yi kumatu har ya fi ka kyau. Ita tana murna tana ceton rai, ni ina maida kwano a wanke, kowa ya huta.

Kwana goma sha uku ke nan ko ƙwayar dawa ba ta wuce maƙogwarona ba. Zogale, ƙwai, rama, zogale. Yanzu ka gyara zama ka ji lambobi. Sha ɗaya. Tara. Takwas. Bakwai. Shida. Biyar. Yau da safe huɗu cif! Kai ka ce shida ko bakwai, to wannan na masu ci da ƙyar ne. Da hannunka ka rubuta mai ƙaramar lamba ake tafa ma, ni kuma ban taɓa son ta biyu ba. In Allah ya yarda kafin ƙarshen wata in kawo maka sifiri, ka kai ma likitanku ya rataya a bango.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Da hantsi sai wani gumi mai sanyi ya rufe ni, hannuna ya kama rawa, ka ga yadda rubutun ya koma kamar sawun kaza. Jiya na tsaya tsakar gida da tsintsiya na rasa mi na fito yi, har na kira akuya da sunan kakanka. Ina jin sugan ne ke fita ta fata, ko ba haka ba? Ƙwaya dai ban fasa ba ko rana ɗaya, yadda ka ce.

Ka ba wani ɗakin naka haya.

Ta ɗaya a aji,
Kaka

Kaura Namoda,
Talata, 12 ga Oktoba

Gwaggo Asiya,

Ina gaisuwa, ki yi haƙuri da gajartar takarda. Yanzu na samu Maitama a tasha. Ya ce ranar da na ba shi wasiƙar Kaka an tare hanya gaban Moriki, ya juyo, ya bar ta a gidanku a ba mai zuwa Badarawa, daga nan motarsa ta lalace. Wasiƙar ba ta isa ba. Kaka ta yanke abinci tana shan ƙwaya, suganta yana faɗuwa, ita kuma murna take. Don Allah ki nemo takardar ki kai mata da ƙafarki a motar farko. Kada ta ƙara shan ƙwayar. Ki ba ta zumar nan taki, ta ci abinci. Ni ba za a sake ni daga aiki ba sai mako mai zuwa.

Ɗanki,
Kamaluddeen

Badarawa,
Asabar, 16 ga Oktoba

Kamalu,

Ina gaishe ka. Ina raye, kada ka tsallake layi kana nema. Asiya ta zo ta koma, na san ta aiko maka da nata labarin. Ga nawa.

Ranar Laraba da hantsi na fito in maida ma Barakatu kwanon fura. Na ɗaga hannu, sai na ga katanga ta zama biyu, Barakatu ma biyu. Na zauna a ƙasa ba da niyya ba. Ina jin tana kiran sunana kamar daga cikin rijiya. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, Kamalu, ta wurin zubewar nan ta hauro, ɗankwali ya bar kanta. Tana cewa, “Na faɗa! Yunwa ce! Zurfin cikin nan sai ya kashe ki!” Ta ƙwala ma Sa'ida kira a damo fura a zuba suga da yawa. Ina ce mata guba ce, harshena ya ƙi juyawa, ita kuwa tana cewa, “Buɗe baki ko in toshe miki hanci.” Na haɗiye ludayi uku. Kafin kwanon ya ƙare katanga ta koma ɗaya.

To ka faɗa mani. Wata guda kuna cewa suga zai kashe ni. Ranar da mutuwa ta leƙo, suga ya kore ta. Wane irin maƙiyi ne wanga?

Da a nan aka tsaya da dariya muke. Barakatu ta shiga ɗakina ta ɗauko mani matashi. Ta daɗe. Sai ga ta tana jan buhu. Ta zazzage shi tsakar gida, busasshen tuwo ya watsu har gindin turmi. Ta tsuguna ta ɗauki ɗaya tana juyawa. Jar dawarta ce, ba ta buƙatar a faɗa mata.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da na ji sauƙi. Sa'ida ce ta ce, “Iya Maimunatu, malmala ta ukun nan daga rabonta take cirewa. Gonarmu ta daji bana ko zangarniya ba mu gani ba.” Barakatu ta ce mata yi shiru. Na fara cewa ciwo ne, likita ne, ta ɗaga mani hannu. Ta ɗauki kwanonta ta fita ta ƙofa. Ta ƙofa, Kamalu. Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa zagayawa ta ƙofa ba.

Ranar Alhamis gwaggonka ta iso da takardarka, ta same ta bayan madubi inda mijinta ya soke ta ya manta. Ta tsaya tsakar gida ta karanta da muryar nan tata ta masu shela, har sau biyu, don ka ce sau biyu. Na ji motsi bayan katanga, amma ba wanda ya leƙo. Na dakata da ƙwaya, ina tuƙa ɗan tuwo kamar ƙwan kaza. Lambar tana takwas, tana tara.

Magariba uku ke nan kwano bai tsallako ba. Nawa na ɗora kan katanga, da safe na same shi yadda na ajiye.

Yanzu ban san lambar da ake tafa ma ba. Sama mutuwa, ƙasa mutuwa, ashe a tsakiya ake zama kamar mai tsallake gulbi kan icce. Da ka faɗa tun farko.

Kaka

Kaura Namoda,
Talata, 19 ga Oktoba

Kaka,

Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki. Ki yafe mini. Layin nan na cewa mai ƙaramar lamba ake tafa wa, ni na rubuta shi, kuma na bar gargaɗin a baya.

Likita ya canja miki magani zuwa wanda ba ya jan suga ƙasa haka, zan zo da shi da kaina ranar Asabar, na yi magana da Maitama. Ki haɗa kayanki. Ba hukunci ba ne, kuma ba maganar lamba ba ce yanzu. Da Iya Barakatu ba ta bakin katanga a lokacin, da gaisuwa ake zuwa yi mini. Yanzu kuwa ita ma ba ta leƙowa. Ba zan bar ki gidan da babu ido a kanki ba. Awakin za mu bar wa Sa'ida.

Naki,
Kamaluddeen

Badarawa,
Lahadi, 24 ga Oktoba

Zuwa ga ɗiyata Asiya,

Gaisuwa gare ki da yara, da mai gidanki mai ajiyar wasiƙa bayan madubi. Ki ce mashi na gode, saura kaɗan ya gaje ni. Ki duba saman takarda ki ga daga inda nake rubutu, sannan ki zauna in ba ki labari.

Jiya Kamalu ya iso bayan azahar. Na riga na ɗaure kayana, ƙulli uku da buta. Ban yi gardama ba. Gidan da kwano ba ya tsallakowa, mi ya rage a ciki? Ina zaune kan turmi ina kallon ɗakin ubanku, shi yana kai kaya mota, sai muka ji an ce, “Kai, ɗan nan. Ajiye butar nan.”

Barakatu ce a wurin zubewar katanga, ta dafa da hannu biyu. Ni ko kallona ba ta yi ba.

Kamalu ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ce, “A Kaura in ka tafi aiki, wa ke zama da ita?”

Ya ce akwai maƙwabta.

“Sun san ta? Sun san in ta ce gishiri ya ji ƙarya take?”

Ya ajiye butar.

Ta ce, “Ranar da ta faɗi kana ina? Ni ina nan. In lamba ta yi ƙasa da huɗu, zuma cokali guda sannan abinci. Gumi mai sanyi, rawar hannu, jiri. Miya da yawa, tuwo kamar ƙwan kaza. Alkama hatsi ce. Na bar wani abu?”

Asiya, ashe duk shelar da kika yi tana tsugune bayan katanga tana haddacewa. Kamalu ya ce, “Iya, ai ba ki karatu, ya za ki duba na'ura?” Ta ce, “Boko ne ban iya ba. Lamba kuwa da mi nake kiran ɗana a waya kafin a kashe ta? Kawo in gani.” A nan tsaye ya soka mani yatsa, ta karɓa ta nisanta da ido, ta ce takwas. Takwas ɗin ce.

Sai ta kafa sharaɗi, kuma da shi take magana, kamar ni akuya ce ake ciniki. Kowace safiya a bakin katanga za a soka yatsa, ita ke karantawa. Kowace magariba a bakin katanga zan ci, a gabanta, kuma in na gama in buɗe baki ta duba kumatu. Zuma kwalba ɗaya wurina, ɗaya wurinta, don haka ki ƙaro. Ranar da ta kama ni da wata dabara, ita da kanta za ta sa ni motar Maitama.

Kamalu ya dube ni, ya dube ta, ya ce shi dai ko a asibitinsu ba a tsaro haka. Ya je ya sauko da ƙullin ukun. Ya kwana, ya koya mata sabon maganin, da safen nan ya koma da ɗakin shi a share.

Buhun kuwa ta aiko Sa'ida ta kwashe, sun jiƙa sun yi kwaɗo, jikokinta suka cinye. Na samu na ce mata, “Barakatu, ki yafe mani.” Ta ce, “Tuwon na yafe, ai ya dawo gida. Ɓoyon ne ban yafe ba tukuna. Shekara arba'in da ɗaya, a bakin Asiya zan ji ciwonki?” 

Ni dai ban gama gane ciwon nan ba. Tuwo suga ne amma ba zaƙi, zuma guba ce amma magani, wadda na ɓoye ma ciwo ita ce likita. Na bar ma Allah da Nkechi.

Ɗazu da magariba kwanon ya tsallako. Miyar kuɓewa har baki, da kan kifi, da wani abu a tsakiya wai shi tuwo, ko kazar da ta yi ƙwai irin wanga sai an kai ta asibiti. Na cinye a gabanta, na buɗe baki ta duba. Na ce, “Haba Barakatu, ƙara ko rabin wannan mana.”

Ta karɓi kwanonta ta ce, “Je ki tambayi buhu.”

Ki gaida kowa. Kada ki manta da zuma.

Uwarki,
Maimunatu, a ɗakinta